Ƙwan Fitilar da na Ɗauko Daga Ikko

Shekarun baya can, zamanin da Nasara bai daɗe da kafa Bariki a Sakkwato ba, akwai wata fitila a ɗakin mahaifiyata wadda duk unguwarmu babu irinta. Mahaifina ne ya kawo ta daga Ikko. Shi falken shanu ne, yakan kora garke daga nan har bakin teku, ya sayar, ya juyo da goro da yadi. A wata tafiyar sai ya dawo da wannan fitila cikin akwatin katako, an cusa mata ciyawa ta ko'ina. Ba irin fitilar hannu ba ce da ta cika gari daga baya. Ta rataye ce, da sarƙoƙi uku, da ciki na tagulla inda ake zuba kananzir, da wani farin faranti a sama mai maido da haske ƙasa. Ƙwanta dogo ne, mai tumbi daga ƙasa, wuyansa siriri, kuma wasu 'yan haƙora huɗu na ƙarfe ne ke riƙe da gindinsa.

A zaure ya fara harhaɗa ta, gaban limamin unguwarmu da maƙwabta da suka zo yi masa barka da sauka. Da aka kunna ta kowa ya zuba mata ido. Wani ya ce ai wannan ta dace da zauren, baƙi su gani. Mahaifina ya ce a'a, ya riga ya ba uwar ɗiyansa, tata ce. Aka kai ta ciki, aka kafa ƙugiya a jikin azara, aka rataye.

Mahaifiyata ba ta wasa da ita. Kananzir abu ne mai wuyar samu a lokacin, don haka daga magariba zuwa isha kawai ake kunnawa. A ƙarƙashinta take kaɗi, mu kuma yaran gidan, da mu da 'ya'yan baffana, mu zauna kewaye da ita muna cin tuwo muna faɗa a kan miya. Da mahaifina ya rasu, baffana, wato ƙanensa, ya zama babba a gidan. Abubuwa da yawa suka canja, amma fitilar tana nan inda take, kuma kowace Juma'a mahaifiyata kan sauke ƙwan ta wanke da toka da tsumma mai laushi.

A irin wannan wankin ne ya fashe. Ta ajiye shi a kan tabarma ya sha iska, yara suka koro akuya, akuyar ta faɗo ɗakin. Na shigo na same ta tsugune tana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a ƙoƙo, tana kuka ba sauti. Tun ranar jana'izar mahaifina ban ga hawayenta ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika dubana ido da ido ba. Ranar ma ba ta dube ni ba, ta ce dai in fita in ba ta wuri.

Lokacin na zama saurayi, na fara bin fatake, kuma ina ganin babu abin da ya fi ƙarfina. Washegari na nufi kasuwa wajen 'yan koli masu kawo kaya daga Kano. Ban auna komai ba, ban ɗauki komai ba, a zatona ƙwan fitila duk ɗaya ne. Wani ɗan koli ya miƙo mini na fitilar hannu, gajere, mai faɗin baki, ya rantse mini cewa shi ne. Na kawo gida ina taƙama. Ya ƙi zama a kan haƙoran, sai na kwaɓa laka na liƙe gindin. Da muka kunna, wutar ta riƙa rawa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, farin farantin ya koma baƙi ƙirin, kafin a kira isha ƙwan ya yi ƙara ya tsage gida biyu. Mahaifiyata ta kwana biyu tana goge farantin, ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta koma kunna aci-balbal da man gyaɗa, fitilar kuwa tana rataye a samanta ba haske.

Da lokacin tafiya kudu ya zo na ce mata zan nemo ƙwan a inda aka sayo fitilar. Wannan karon na yi hankali. Cikin gutsattsarin da ta adana akwai gindin tsohon ƙwan, zoben bai fashe ba, na naɗe shi a tsumma na sa a jakata. Tsawonsa kuma ita ta nuna mini, daga gwiwar hannunta zuwa wuyan hannu, na yanki zare daidai wannan. Muka kora shanu ta Jega da Yawuri, muka haye Kwara, muka ratsa Ilori har Ikko. Ni da wani abokina, mutumin Kwalkwalawa, muna cikin masu korar baya, ƙurar garken duk a bakinmu take ƙarewa.

A Ikko mai masaukinmu wani dattijo ne Bakano da ya daɗe a can. Ina buɗe baki na ce ina neman ƙwan hitila ya yi dariya ya ce ba sai na faɗa masa garinmu ba. Shi ya riƙa yawo da ni kanti-kanti bayan mun gama da shanu. A nan na gane ƙwan fitila iri-iri ne kamar takalma. Wani gindinsa ya yi faɗi, wani ya matse, wani gindin ya yi daidai amma wuyan gajere, kuma dattijon ya ce in wuyan ya gajarta ba zai ja iska ba, hayaƙi zai yi. Kowane mai kanti sai ya ce ai duk ɗaya ne, in ɗauka kawai. Ni kuwa na riga na sha wannan maganar a kasuwarmu. Sai in kwance tsummana, in haɗa baki da baki, in miƙa zare, in girgiza kai mu fita. Har dattijon ya fara gajiya da ni. A ƙarshe muka dace a wajen wata Bayerabiya a bayan kasuwa, ta jawo wani akwati da ƙura ta rufe. Biyu suka rage mata. Ɗaya yana da tsaga a wuya, ɗayan lafiyayye. Na ɗora tsohon zoben a gindinsa, ya zauna kamar tare aka yi su.

Yadda na kawo shi gida abin dariya ne, kuma an yi dariyar. Na naɗe shi da auduga, na sa cikin doguwar gora da na yanke wa kai, na ɗinke da fata, na rataya a ƙirji. A jirgin ƙasa zuwa Zariya ban yarda kowa ya raɓe ni ba. Daga Zariya muka kama hanya a ƙasa, inda za a haye rafi in ɗora gorar a ka, kayana kuwa su jiƙe ban damu ba. Ni da nake barci kamar gawa, na koma kwana rigingine, hannu biyu a kan gora. Fatake suka sa mata suna jaririna, kowace safiya sai wani ya tambaye ni ko ya sha nono. Ban ji haushi ba. Ina ta hango fuskar mahaifiyata ne lokacin da za a kunna.

Da la'asar muka shigo birni. Ban tsaya a zaure ba, na wuce ɗakinta kai tsaye, na durƙusa na gaishe ta, na ɗaga kai. Ƙugiyar tana nan a jikin azara, babu komai a kanta.

Na tambaye ta ina fitila. Ta ci gaba da murza mazarinta ta ce:

"Baffanka ya ɗauka. Tashi ka sha hura, ka kwaso hanya."

Ban sha ba. Na fita na sami baffana a zaure yana kishingiɗe yana cin goro. Na gaishe shi yadda ya kamata, don har lokacin ina fatan ko gyara ya kai ta. Ya amsa da fara'a, ya tambayi kasuwar shanu, sannan da na kawo maganar fitila ya ba ni labari kamar wanda ya yi abin a yaba masa. Akwai wani babban masinja a Bariki, shi ke faɗa wa Bature wanda za a karɓi shanun yanka a hannunsa don abincin soja. Dillalai da yawa suna neman wannan hanya, kowa yana kai gaisuwa. Baffana ya duba gidan bai ga abin da zai burge mutum irin wannan ba sai fitilar, ya sauke ya kai masa. Ya ce ai ba ƙwai gare ta, rataye kawai take tana tara yanar gizo, kuma kayan ɗan'uwansa ne, shi ke da iko da su yanzu.

Na ce masa ba kayan ɗan'uwansa ba ne, na Inna ne, kuma ƙwan da yake magana ga shi a ƙirjina, daga Ikko na ɗauko shi. Na zaci zai ji kunya. Sai na ga ya tashi zaune, fuskarsa ta washe.

"Madalla da kai, ɗan albarka. Dama mutumin shina ta ƙorahin bai samu ƙwan da ya yi mata ba. Kawo shi nan, gobe mu kai mishi, kyauta ta cika."

Na yi faɗa a rayuwata, da ɓarayin shanu da 'yan kamasho, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan zauren ba. Na ƙanƙame gorar a ƙirjina. Ya miƙo hannu yana jira, kamar goro ya ce in ba shi. Na ce masa ba zan bayar ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce tun da nake bai taɓa sanin ba ni da tarbiyya ba sai yau, ya ce shi ne ubana yanzu, ya ce abincin gidan nan duka a kan wannan hanya ta Bariki ya dogara, ni kuma zan ɓata ta saboda kwalba. Na miƙe kafin bakina ya furta abin da ba zai mayu ba. Na fita, na bi hanyar fadama har Kwalkwalawa, na ba abokina gorar, muka tura ta cikin gero a rumbunsa.

Bayan 'yan kwanaki masinjan ya aiko a kira ni. Baffana ya riga ya kai masa labari. Na same shi a shigifarsa, da jar dara da rigar saƙi mai adon aska takwas, yana zaune a kan kujera irin ta Turawa. Fitilar mahaifiyata tana rataye a saman kansa, an goge tagullar tana ƙyalli, a ƙasa kuma gefen bango ga ƙwai har uku na fitilar hannu, biyu a fashe. Ya yi mini magana da laushi. Ya ce ya ji ni yaro ne mai ƙoƙari, ya ce in faɗi abin da nake so a ba ni a kan ƙwan. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce to in ba shi kyauta, shi ma ya san yadda ake rama alheri. Na ce ranka ya daɗe, fitilar ta wata tsohuwa ce da mijinta ya mutu ya bar mata, ba da yardarta aka kawo ba, ƙwan kuma dominta na ɗauko. Ya dube ni ya ce shi baffana ya sani, bai san wata tsohuwa ba. Ya ƙara da cewa ana neman samari masu ƙarfi a aikin hanyar mota ta wajen Gusau, kuma sunaye ta hannunsa suke bi. Na fahimci abin da yake nufi. Na yi masa sallama na fito, raina rabi tsoro rabi fushi.

Na koma wajen mahaifiyata na ce ta ba ni izini in kai maganar gaban alƙali. Ta ƙi. Ta ce ba za a ce ɗanta ya kai ƙanen ubansa ƙara ba, ta ce ita ta haƙura, aci-balbal ma haske ne. Wannan ya ƙara ƙona mini rai, har na yi mata magana da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kullum haƙuri, shi ya sa ake shigowa har ɗakinta a ɗauki abin da aka ga dama. Ta ce in na gama in fita. Na yi kwanaki ina yawo a gari kamar mahaukaci, ba na cin abincin gidan, ina kwana wajen abokina.

Baffana da kansa ne ya ɓata wa kansa. Da ya ga ƙwan bai fito ba, masinja kuma ya fara juya masa baya, sai ya shiga cikin gida da rana tsaka, mata suna daka, ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyata yana ɗaga murya. Ina nan a tsakar gida. Ya ce ita ke zuga ni. Ya ce ɗan'uwansa bai taɓa ba ta fitila ba, aro aka rataya mata. Ya ce macen da ta shigo gidan da ƙwarya ɗaya da tabarma ba ta da abin da za ta kira nata a ciki. Masu daka suka tsaya. Na yunƙura zan yi kansa, sai na ji muryarta daga cikin ɗaki, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Kai, wanga yaro. Tahi ka gaishe min da Liman, ka ce ina roƙo ya taho. Shina zaure ran da anka kawo hitilar."

Liman ya tsufa sosai a lokacin, sai da na riƙe masa hannu. Ya zauna a zaure, aka kira baffana da dattawan unguwa biyu. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce shi ya ji da kunnensa marigayi ya ce ya ba matarsa, kuma abin da miji ya ba matarsa ta karɓa yana raye ba ya shiga gado, balle ya zama na ƙane. Ya ce wanda ya ɗauka ya mayar. Baffana ya ce ai kyauta ta riga ta fita, da wane ido zai je ya ce a ba shi. Liman ya ce da idon da ya shiga ɗakin matar wansa ya sauke ta. Ya ce in kuma ba zai iya ba, shi zai je da sandarsa ya faɗa wa masinjan cewa kayan baiwar Allah da mijinta ya mutu ne ke rataye a kansa, in ya so maganar ta kai kunnen alƙali, daga nan ta kai Bariki. Maganar Liman ta kai kunnen masinjan, shi kuwa ba ya son Bature ya ji yana karɓar gaisuwa. Kwana biyu bayan haka wani lebura ya zo ya ajiye fitilar a ƙofar gidanmu, a ƙasa, cikin ƙura, ya juya ko sallama babu.

Na ɗauko gorar daga Kwalkwalawa da sassarfa. Na warware sarƙoƙin da suka cukurkuɗe, na farke ɗinkin fatar, na zaro ƙwan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na ɗora shi a kan haƙoran, sai ya yi lilo ya kusa faɗuwa. Na duba da kyau. Ashe a gidan masinjan an bi haƙoran an tanƙwara su waje da ƙarfi don su karɓi faffaɗan ƙwan fitilar hannu. Wata da watanni ina riƙe da wannan abu a ƙirjina, na auna shi da zoben asali, na same shi daidai, ga shi yanzu fitilar ce aka lalata. Na miƙe da fitilar a hannu na nufi sashen baffana. Ban san abin da zan yi ba, amma na san ba alheri ba ne. Mahaifiyata ta tare ƙofa ta ce in zauna. Na ce ta matsa. Ta ce in na wuce ta, in ɗauki fitilar da ƙwan duka in bar mata gidan. Na zauna a ƙasa ina huci kamar sa.

Na aro ƙaramin awartaki wajen maƙerin unguwa, na wuni a bakin ƙofarta ina maido da haƙoran kaɗan-kaɗan, in matsa, in gwada tsohon zoben, in sake matsawa. Ban yarda in gwada da sabon ƙwan ba sai da na tabbata. Uku suka dawo. Na huɗun ya riga ya gaji da tanƙwarawa, ina taɓa shi ya karye ya faɗo a tafin hannuna. Na zagi baffana a zuciyata zagin da har yau nake neman gafararsa wajen Allah. Amma ukun sun riƙe. Da aka kira magariba na zuba kananzir, na gyara lagwani, na kunna, na ɗora ƙwan, na rataye. Wutar ta tsaya cak, ba rawa, ba hayaƙi, hasken ya sauko har kan tabarma. Mahaifiyata ta daɗe tana kallonta. Daga baya ta jawo kwandon audugarta ta zauna a ƙarƙashi, ta ce in leƙa in kira yara su zo su ci tuwo. Na leƙa sashen baffana na kira. Babu wanda ya fito, an hana su.

Abin bai tsaya nan ba. Baffana bai sami hanyar Bariki ba, wani dillali aka ba. Ni kuma da kaka ta yi sai ga sunana cikin waɗanda aka ɗiba aikin hanya. Fatake suka tafi kudu ba ni, na yi rani ina fasa dutse ina ɗaukar ƙasa a kwando, na dawo da ciwon ƙirji da ya daɗe bai sake ni ba. Kafin in dawo baffana ya ja katanga ta raba gidan biyu, ya fasa tasa ƙofar ta baya. Dangi suka yi ta zuwa, kuma abin da ya fi ba ni haushi, kusan duk ni suke ba laifi. Wai na raba zumunci a kan kwalba, wai yaro ba ya ja da babba, wai da na miƙa ƙwan da yanzu gidan yana cikin daula. Ba wanda ya je ya tambayi baffana dalilin da zai sa namiji mai gemu ya rasa abin kai gaisuwa sai abin da mamaci ya bar wa matarsa. Wata gwaggona har cewa ta yi in je in durƙusa in ba shi haƙuri. Na ce mata zan gaishe shi duk inda muka haɗu, kuma na riƙa gaishe shi, amma haƙuri ban san na me zan bayar ba.

Shekaru suka wuce haka. Na yi aure, na zama mai garken kaina, fitilar tana ci kowace magariba da haƙoranta uku. Da ciwon ajali ya kama baffana ya aiko a kira mahaifiyata, ta zagaya ta ƙofar baya ta je, ta dawo ta ce ya nemi gafara ta yafe masa. Ni ma ya sa aka kira ni. Ya rame ƙwarai, muryarsa da ƙyar take fita. Ya tambaye ni ko har yanzu ina hushi. Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce e, Baffa, amma na yafe abin da ke tsakanina da kai. Ya rufe ido ya ce to. Da ya cika ni na shiga kabarinsa na karɓe shi, na kuma roƙa masa rahama da zuciya ɗaya.

Yanzu na tsufa, an jawo wutar lantarki har unguwarmu, yara suna danna bango haske ya kawo. In na ba su wannan labari dariya suke yi wajen gora da jariri, ni ma ina taya su. Na kan ce musu abin da na koya bai wuce biyu ba. In za ka sayi abin da zai zauna a jikin wani abu, kada ka yarda da rantsuwar mai sayarwa, ka tafi da ma'auninka. Na biyun kuma, duk gidan da aka saba cewa mai rauni ya yi haƙuri don a zauna lafiya, to ba lafiya ake zaune ba, wani ne kawai ake dannewa ya yi shiru. Amma in na ce muku fushin ya tafi na yi ƙarya, kuma ga dalili.

Bayan an yi sadakar bakwai ta baffana, ina zaune a ɗakin mahaifiyata, na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce ranar da ya zo ɗaukar fitilar, ita tana ina. Ta ce tana nan zaune a ƙarƙashinta tana kaɗi. Ta ce masa kada ya ɗauka, ya yi kamar bai ji ba. Hannunsa bai kai ƙugiyar ba, sai ya fita ya mirgino turmi ya kifa a tsakar ɗakin ya hau. Turmin yana ta gilgiza, ƙasan ba daidai take ba.

Na ce sai me ya faru.

Ta ce, "Sai na tashi na riƙe mishi turmin. Mutum ne mai jiki, in ya faɗo karyewa zai yi."

Ita ta faɗe shi ne kamar ba komai ba, ta ci gaba da kaɗinta. Ni kuwa yau shekara nawa da rasuwarta, amma duk lokacin da na tuna ta durƙushe tana riƙe da turmin nan da hannu biyu, shi kuma yana tsaye a kai yana kwance mata fitilarta, sai in ajiye abin da nake ci in tashi in fita waje.